Yaran ajina suna rera ABCD tiryan-tiryan amma sun kasa karanta kalma ɗaya, ta ina zan fara?

Malama sannu da ƙoƙari, na ga tambayarki tun jiya amma nace bari sai na samu natsuwa dan ba abu ne da za a amsa a layi biyu ba. Kince an baki aji ɗaya na firamare bana, yaran suna rera ABCD daga farko har ƙarshe ba gargada, in kin rubuta jimla a allo kin karanta suna binki da ƙarfi har ajin kusa na jiyo su, amma ranar da kika kira su ɗaya bayan ɗaya kika nuna musu kalma guda sai kowa yai zuru, shine kike tambaya laifinki ne ko na yaran, kuma mene ne tushen da ya kamata a fara ginawa.

To yaran dai basu da laifi, ke ma ba zan ɗora miki ba tunda yawancinmu da haka aka koyar damu. Ni kaina shekarata ta farko a aji haka na ƙare ta ina jin daɗin amon muryoyinsu, sai da wani mai duba makarantu ya shigo ya ɗauki alli ya rubuta kalmar da bamu taɓa yi ba, ajin yai tsit, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Abinda yaranki suke yi hadda ce, karatun aku. Waƙar ABCD waƙa ce kamar kowace waƙa, yaro ɗan shekara uku zai iya haddace ta bai san ko harafi ɗaya a ido ba. Kuma in suna bin bakinki a allo, muryarki suke bi, idonsu ma sau da yawa ba akan rubutun yake ba, ki lura gobe kiga.

Abu na farko da nake so ya zauna miki: magana da karatu ba hanyarsu ɗaya ba a ƙwaƙwalwa. Yaro lafiyayye in yana cikin mutane zai yi magana ko ba wanda ya zaunar dashi ya koya masa. Shi kuwa rubutu ƙirƙirarsa akayi, kuma bai wuce shekara dubu biyar da ɗoriya ba tun da aka fara shi a yankin da yake Iraƙi a yau, kinga a tarihin ɗan Adam jiya-jiya ne. Wani masanin ƙwaƙwalwa ɗan Faransa, Stanislas Dehaene, shi da abokan aikinsa sun nuna cewa in mutum ya koyi karatu wani ɗan yanki a ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwarsa, cikin wurin da dama aikinsa gane siffar abubuwa da fuskoki ne, shi ake ara ya koma gane haruffa yana haɗa su da ɓangaren da ke kula da sautin magana. Wannan haɗin baya yin kansa, gina shi akeyi. Shi yasa in aka ce wai a zube wa yara littattafai kawai zasu tsinci karatu da kansu, eh wasu 'yan kaɗan zasu tsinta, sauran kuma zasu kai aji huɗu suna kallon hoto.

Akwai wani lissafi mai sauƙi da Philip Gough da William Tunmer suka fitar a 1986 wanda in kin riƙe shi kin riƙe rabin aikin. Sukace fahimtar karatu tana fitowa ne in an ninka abu biyu: iya warware rubutu ya koma magana, sau fahimtar harshen da akayi rubutun dashi. Ki lura ninkawa sukace ba tarawa ba, kuma duk abinda kika ninka da sifili sifili zai baki. Yaron da yake jin Hausa sarai amma bai iya haɗa baƙi da wasali ba, sifili. Yaron da zai iya furta miki shafi guda na Turanci ras amma bai san me ake cewa ba, shima sifili, sai dai nasa sifilin yafi yaudarar iyaye dan yana da daɗin ji. Duk yaron da ya maƙale miki ki fara tambayar kanki wace ƙafar ce take ɗingishi cikin biyun nan.

Bari mu fara da ƙafar farko, kuma abin mamaki ba da ido ake farawa ba, da kunne ne. Kafin harafi yai wa yaro ma'ana sai ya gane cewa maganar da take fita bakinsa gutsi-gutsi ce, jimla tana tsinkewa zuwa kalmomi, kalma zuwa gaɓoɓi, gaɓa zuwa sautuka. Mu da muka iya karatu gani muke wannan a fili yake, alhali ko kusa. A 1979 José Morais da abokansa sun gwada manya a ƙasar Fotugal waɗanda basu taɓa koyon karatu ba, aka ce su cire sautin farko daga kalma ko su ƙara mata wani, yawanci suka kasa, su kuwa takwarorinsu da suka koyi karatu da girma suka iya. Magidanta fa, masu hankali da iyali. To ina ga ɗan shekara shida. A kunnensa "gida" abu ɗaya ne dunƙule, wurin da yake kwana, bai taɓa tunanin akwai g da i da d da a a ciki ba.

Wannan wasa ne na minti biyar zuwa goma a rana, ba littafi ba allo. Ku tafa gaɓoɓin sunayensu, wa yake da tafi biyu wa yake da uku. Ma-ka-ran-ta tafi nawa? Kice musu zan yi magana irin ta mai jin barci ku gane me nace, "ku... je... ra", su haɗa su ce kujera. In na cire "ta" daga "tafiya" me ya rage? Su wa sunansu ya fara da irin sautin da "rana" ta fara dashi? Gaɓa tana zuwar musu da wuri dan Hausa harshen gaɓa ne sosai, yawancin gaɓoɓinmu baƙi ne da wasali kawai. Sauti guda-guda shine mai wuyar, kuma shine ake nema, sai ki ringa jan kalmar kamar roba, mmm-aaa, sss-uuu. Sannan kar kice sai sun ƙware a wasan kunne kafin ki nuna harafi, na ga malamai sun ɓata zango guda a haka, da kin fara sati ɗaya biyu ki shigo da haruffa su tafi tare, kowanne yana ƙarfafa ɗan'uwansa.

Yanzu ga inda nake ganin matsalar ajinki take. Sunan harafi daban, sautinsa daban, kuma sunayen da yaranki suka haddace na Turanci ne. Ki duba rikicin: a Turanci sunan harafin a shine "ei", sunan e shine "i", sunan i kuma "ai", u kuma "yu". Sai ki rubuta wa yaro "baba", yaro mai ƙoƙari ma kuwa, ya duba yace bi, ei, bi, ei. To dan Allah ta yaya bi-ei-bi-ei zata zama baba? Ko ya maimaita sau ɗari bazata zama ba. Harafin c yasan shi da "si", sai ya gamu da "ciki". Abinda yake buƙata shine in yaga m bakinsa ya rufe yace mmm, in yaga a ya buɗe yace a, ya ja su tare su zama ma. Wannan shine abinda ake kira foniks, koyar da alaƙar harafi da sauti a fili kuma bi da bi, da yadda ake haɗa su. Sunayen ba haramun bane, suna da amfaninsu wajen magana akan haruffa, amma ba dasu ake karatu ba.

Kuma ki gode Allah in da Hausa zaki fara. Turanci haruffa 26 ne suke ɗaukar sautuka kusan 44, harafi ɗaya yai sauti uku huɗu, sauti ɗaya a rubuta shi ta hanya biyar. Philip Seymour da abokansa sun kwatanta yaran ƙasashen Turai da dama a wani bincike da ya fito a 2003, suka tarar a ƙarshen shekarar farko ta makaranta yaran da ke koyo da harsunan da rubutunsu ke bin furuci sau da ƙafa, kamar na Finland da Girka da Italiya da Sifen da Jamus, suna karanta sama da kashi 90 cikin 100 na saukakan kalmomi daidai, su kuwa masu Turanci, yaran Sikotland, suna wajen kashi ɗaya cikin uku. Yaran duk ƙwaƙwalwarsu ɗaya, rubutun ne ya bambanta. Rubutun Hausa na boko yana cikin masu sauƙin nan, wasula biyar, kusan kowane baƙi sautinsa ɗaya baya canzawa. Abin takaici ne ace yaro ya shekara uku bai karanta harshen da za a iya buɗe masa ƙofarsa cikin 'yan watanni ba.

Kar ki bi jerin a, b, c, d. Wannan jerin na ƙamus ne. Ki zaɓi haruffan da zasu baki kalmomi da wuri. Misali a, m, k, n, i. Da guda biyar ɗin nan kaɗai kin samu mama, kaka, kama, maka, mana, ina, nan, mini, har jimla: "Mama ina kaka?" "Kaka na nan." Ranar da yaro ya karanta wannan da kansa ba wanda ya faɗa masa, ki kalli fuskarsa, wallahi abinda ya riƙe ni a aikin nan kenan. Ki fara haɗawa da baƙaƙen da ake iya ja kamar m, n, s, f, l dan sunfi sauƙin zarcewa cikin wasali, su b, d, k, t basa jawuwa, kuma anan ki kula da bakinki kar ki ringa liƙa musu wasali kice "bu" ko "ba" alhali b kaɗai kike nufi, in ba haka ba yaro zai ga "bi" yace ba-i. Harafi biyu ko uku a sati ya isa, kullum a fara da bitar na baya, katin kwali a hannu ana ɗagawa a hargitse ba a jere ba. Teburin ba be bi bo bu yana da kyau ƙwarai, sai dai shima in ba a kula ba waƙa yake komawa, dan haka ki ringa nuna su a tsallake, bo, ba, bu, sannan ki gauraya da na wani layin, ko, bi, mu.

Bayan sun kama baƙi da wasali sai ki shigo da gaɓa mai rufi, wato mai ƙarewa da baƙi, kamar han-nu, lit-ta-fi, gan-ga, nan ne yara da yawa suke tuntuɓe su tsallake baƙin tsakiya. Ki basu "baba" da "babba" gefe da gefe su ji bambancin da kunnensu su gani da idonsu. Sai masu ƙugiya, ɓ, ɗ, ƙ da 'y, waɗannan haruffa ne masu zaman kansu ba b ko d da akai wa ado ba, ki koyar dasu a ranarsu daban da kalmomi irin kafa da ƙafa, bata da ɓata, kara da ƙara, baki da baƙi, yara suna son wannan dan yana basu dariya. Kuma ke ma ki ringa sa ƙugiyar a allo kullum, in mu manya mun saba yar da ita a waya mu cike da sani, shi ɗan koyo bashi da abinda zai cike dashi. Sai masu goyo, sh, ts, ky, gw, kw, ƙw da sauransu, ki gaya musu a fili haruffa biyu ne amma sauti ɗaya suke yi, da tagwayen wasula ai da au. Shikenan fa kusan kin gama da tsarin rubutun gaba ɗaya.

Akwai wata ɗabi'a da nake roƙonki ki kashe ta tun tana ƙarama, cinke. Yaro ya ga kalma ya kalli hoto ko ya kalli harafin farko ya jefo abinda yake zato. An daɗe ana koyar da wannan da gangan a Amurka da Ingila da wasu ƙasashen, tun bayan da Kenneth Goodman ya bayyana karatu a 1967 a matsayin wani irin wasan cinke da mai karatu ke yi da taimakon ma'ana, akai shekaru ana tafka rigima tsakanin masu wannan ra'ayin da masu foniks. Binciken da aka tara ya nuna masu raunin karatu ne suka fi dogara da cinke, gwanaye kallon haruffan kalmar suke yi, saurin ne yasa kamar basa kallo. A 2000 wani kwamitin ƙasa da majalisar Amurka ta sa aka kafa ya tace binciken da ake dasu ya fito da ginshiƙai biyar: jin sautukan cikin kalma, foniks, karatu ba gargada, yawan kalmomi, da fahimta. A Ingila rahoton Jim Rose na 2006 yasa aka koma foniks bi da bi, kuma tun 2012 suna yi wa yara 'yan wajen shekara shida wani ɗan gwaji na kalmomi 40, rabinsu kalmomin bogi ne da babu su a harshen. Dalilin na bogin shine ba yadda za ayi yaro ya haddace su ko ya cinka, dole sai ya warware. Ke ma ki ara, ki rubuta "lomu" ko "nafe" ko "zibo" kiga wa zai iya. In yaro ya maƙale a kalma kar kice masa kalli hoton, kice kalli harafin farko, me yake cewa, na biyu fa, to haɗa.

Sai dai a Hausa akwai wani ɗan lungu da ma'ana take shigowa dole, tunda rubutunmu na yau da kullum baya nuna karin sauti ko tsawon wasali. Wuya ta jiki da wuya ta wahala rubutunsu ɗaya, haka suna na mutum da suna na "suna zuwa", kuka na hawaye da kuka bishiya. Anan yaro zai fara warware haruffan tukunna, sannan jimlar ta gaya masa wanne ake nufi ya gyara muryarsa. Kinga wannan daban yake da cinke, haruffan ya bi, ma'ana ta zo daga baya ta tantance. Ki ware lokaci ki nuna musu irin waɗannan a cikin jimloli, in ba haka ba zaki ji suna karatu da wata irin murya kamar baƙin harshe.

Rubutu kuma kar ki ajiye shi sai wani zango. Duk harafin da aka koya yau a rubuta shi yau, a iska da yatsa, a ƙasa, a bayan ɗan'uwa, sannan a takarda ana furta sautin, hannu yana taya ido riƙe siffar. Ki ringa yi musu shifta ta kalma uku huɗu kullum daga haruffan da suka sani, dan shifta ita ce karatu a juye, kuma takardar shifta bata ƙarya, nan take zaki ga wanda baya jin baƙin tsakiya da wanda yake musanya e da i. Kwafe allo shafi guda ba shifta bane, zane ne. In kinga suna juya b da d ko suna rubuta harafi ta baya a wannan shekarun kar hankalinki ya tashi, ƙwaƙwalwa ta saba kujera ko an juya ta hagu ko dama kujera ce, haruffa ne suka zo da sabuwar doka, sai a hankali take sakin tsohuwar. Kawai kar ki koyar da b da d a sati ɗaya. Af, kuma ki koya musu raba kalmomi daidai, kar ki duba yadda nake haɗe su anan, rubutun waya ne.

Daga nan sai gudu. Yaron da yake ma... ka... ran... ta kafin ya kai ƙarshen jimla ya manta farkonta, dan duk ƙarfin hankalinsa ya ƙare a haɗa baƙi. Maganin ba wani sirri bane, maimaici ne. Linnea Ehri ta yi bayanin yadda kalmar da yaro ya warware da kansa 'yan lokuta take mannewa a ƙwaƙwalwa, haruffanta da furucinta da ma'anarta su ƙulle wuri ɗaya, daga nan da ya ganta ya gane. Ki rubuta musu gajerun labarai da haruffan da aka riga aka koya kaɗai, layi huɗu biyar, ki karanta su ji yadda ake tsayawa a aya da ɗaga murya a tambaya, su karanta bibbiyu, yaro ya karanta labari ɗaya sau uku ko huɗu yatsansa na bin kalmomin.

To duk wannan ƙafa ɗaya ce fa. Na ga masu zafin foniks da suka mance da ɗayar, yara su fito suna furta komai basa gane komai. Fahimtar harshe bata jiran sai yaro ya iya karatu, tun ranar farko ake gina ta ta kunne. Kullum ki karanta musu labari ko bayani wanda yafi ƙarfin abinda zasu iya karantawa da kansu, ki riƙe littafin suna gani, nan ma suke tsintar cewa ga gaba ga baya, rubutun boko daga hagu yake zuwa dama, daga sama zuwa ƙasa, kuma baƙaƙen nan ne suke maganar ba hoton ba. Ki ringa tsayawa kina tambaya, kuma ba irin tambayar "wa ya tafi?" kaɗai ba, me yasa kuke ganin ya tafi, da kaine me zakayi, me zai faru gaba. Ki tsinci kalma biyu uku masu nauyi a labarin, irin su takaici, dabara, tsautsayi, ki bayyana su da sauƙi ki sa su yi amfani dasu, ki dawo dasu jibi. Ki bari su baki labarin da bakinsu ko da sun karkace. Aji mai tsit ba lallai aji mai koyo bane.

Kuma ki karanta musu abubuwan duniya ba tatsuniya kaɗai ba, yadda ruwan sama ke samuwa, rayuwar tururuwa, jikin mutum, taurari. Donna Recht da Lauren Leslie sun yi wani gwaji a 1988 da 'yan ƙaramar sakandare a Amurka, suka basu rubutu akan wasan besbol, sai ga masu raunin karatu da suka san wasan sun fi gwanayen karatun da basu san shi ba fahimta da tunawa. Ki kwatanta da ba wa yaron da ya san ƙwallon ƙafa labarin wasa, ko yana gargada zai gane bugun kusurwa da satar gida. Abinda ka sani shi yake kama abinda ka karanta.

Wannan shi ya kawo mu maganar harshe, dan nasan zaki ce iyaye Turanci suke so su ji. In yaro baya jin harshe, kin ɗora masa kaya biyu a lokaci ɗaya, koyon sirrin rubutu da koyon harshen, ga shi ko ya warware kalmar daidai ba abinda zai faɗa masa ya dace tunda bai santa ba. UNESCO tun 1953 take cewa a fara da harshen uwa, kuma gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ife daga 1970, inda aka koyar da yara da Yarbanci tsawon shekara shida na firamare ana basu Turanci a matsayin darasi, ya nuna basu koma baya a Turancin ba. Sirrin haɗa harafi da sauti sau ɗaya ake koyonsa a rayuwa, in ya samu da harshen da yaro yake ji sai ya ƙaura dashi. Kafin nan Turancin ya ringa shiga ta baki da kunne, waƙa, umarni, hira. In kuma makarantarku ta dage da Turanci za a fara, tsarin dai ɗaya ne, sautuka ba sunaye ba, bi da bi, sai dai ki ninka haƙuri ki ninka aikin ma'anar kalmomi.

Dalilin da yasa nake ta matsa miki akan bana ba baɗi ba: Keith Stanovich ya nuna a 1986 yadda ƙaramin gibi na farko yake buɗewa, wanda ya kama da wuri yana jin daɗi ya ƙara karantawa ya ƙara kalmomi, wanda ya maƙale yana gudun littafi, kuma daga wajen aji huɗu ba a koyar da karatu kuma, da karatun ake koyon komai har lissafi. Bankin Duniya ya ƙiyasta a 2019 cewa kashi 53 cikin 100 na yara 'yan shekara goma a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin ƙarfi basa iya karanta ɗan gajeren labari su gane, a 2022 bayan rufe makarantu na korona ƙiyasin ya kai 70. Da yawansu suna zuwa makaranta kullum, suna rerawa kamar naki. Juma'ar da zata yi kyau tun daga Laraba ake gane ta.

Dan haka abinda zaki fara yi sati mai zuwa shine ki san inda kowa yake. Minti biyu kowane yaro, shi kaɗai, sauran suna wani aiki: haruffa goma a hargitse ya faɗi sautinsu, gaɓoɓi biyar, kalmomi biyar, na bogi uku. Sannan ki karanta masa ɗan labari ki masa tambaya biyu da baki dan ki auna ɗaya ƙafar. Ki raba su gida-gida bisa abinda kika gani, irin yadda ƙungiyar Pratham ta Indiya take yi, masu harafi daban, masu kalma daban, masu labari daban, ko da na rabin awa ne a rana, kuma gidajen ba na dindindin bane, duk wata ki sake gwadawa yaro ya matsa gaba. Kar ki sa musu sunan da zai nuna su waye na baya, yara sun fi mu saurin ganewa.

Zaki samu ɗaya ko biyu da kin yi duk wannan wata da watanni basa motsi. Ki fara sa iyaye su duba musu ido da kunne, yaron da baya ji sosai bazai bambance s da sh ba ko ke wacece. In waɗannan lafiya lau ne, kuma yaron yana da wayo a hira amma sautukan kalma sun ƙi rabuwa a kunnensa, harafin da ya sani jiya yau ya ɓace, to yana iya zama abinda ake kira disleksiya, matsala ce ta sarrafa sautin magana, bata da alaƙa da daƙiƙanci ko lalaci, kuma tana bin jini a wasu gidajen. Koyarwar da yake buƙata irin wadda na faɗa miki ce dai, sai dai a ƙananan matakai, maimaici ninki-ninki, shi kaɗai ko cikin 'yan uku huɗu, kullum ko da minti goma. Bulala da tsayar dashi gaban aji ana masa dariya abinda suke koya masa kawai shine ya tsani takarda.

In kin yi gwajin ki dawo ki gaya min nawa ne suka iya na bogin da kuma haruffan da suka fi ruɗa su, sai mu tsara jerin haruffan sati shida na farko tare.